Canal+ ya saye DStv: tambayoyi da amsoshi kan haɗewar kamfanonin talabijin da kokawar haƙƙin haska ƙwallo

Tun da labarin cinikin MultiChoice, kamfanin da ke da DStv, ya fito, masu dikoda a gida da masu gidajen kallon ƙwallo ke ta maimaita wasu tambayoyi, daga Kano zuwa Maraɗi, daga Kumasi zuwa Garwa. Ga su nan an tattaro, daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi.

Wane ne ya sayi wane?

Kamfanin Canal+ na Faransa ne ya sayi MultiChoice na Afirka ta Kudu, wato uwar DStv da GOtv da SuperSport da tashoshin Africa Magic, har da Africa Magic Hausa. Ba rana ɗaya aka ƙulla cinikin ba. Tun 2020 Canal+ ya fara tsintar hannayen jarin MultiChoice a kasuwar Johannesburg kaɗan-kaɗan, har ya haura kashi 35 cikin ɗari a farkon 2024. Dokar ƙasar ta ce duk wanda ya kai wannan matsayi dole ya yi wa sauran masu jari tayin saye. Tun kafin ya kai wannan matsayi ya fara taya kowane hannun jari rand 105, shugabannin MultiChoice suka ce albarka. Ya ƙara zuwa rand 125, aka sallama.

Kotun kula da gasar kasuwanci ta Afirka ta Kudu ta amince a watan Yulin 2025, a watan Satumba kuma ragamar kamfanin ta koma hannun Canal+. Idan aka haɗa biyun, masu biyan kuɗin kallo sun haura miliyan 40 a ƙasashe kusan 70 na Afirka da Turai da Asiya.

Me ya sa MultiChoice ya yarda a saye shi? Ba shi ne ke cin karensa babu babbaka ba?

A idon mai kallo haka ne. A littafin kuɗi kuwa labarin daban yake. Kamfanin na karɓar naira da sidi da kwaca, amma yawancin manyan abubuwan da yake saya, haƙƙin wasannin Turai da hayar tauraron ɗan'adam da finafinan Amurka, da dala yake biya. Da darajar naira ta rushe daga tsakiyar 2023, kuɗin da ake tarawa a Najeriya suka zama ba su taka kara sun karya ba idan an canza su. Ga kuma jama'a suna ta ajiye dikoda: a Najeriya kaɗai kamfanin ya rasa masu biya kusan miliyan 1.4 tsakanin Maris 2023 da Maris 2025, kuma jimillar masu biyansa a nahiyar ta sauko zuwa kimanin miliyan 14.5. A daidai wannan lokaci yana zuba maƙudan kuɗi a manhajar Showmax don kada Netflix da YouTube su kwashe matasa.

Shi kuma Canal+ ya daɗe da kafa ƙafa a ƙasashen da ke amfani da Faransanci, irin su Nijar da Kamaru da Chadi da Kwaddibuwa da Senegal. Abin da ba shi da shi shi ne ɓangaren Ingilishi, wanda kuwa nan ne yawan jama'a yake. Kasuwarsa ta gida a Faransa ta cika, ba sauran wurin faɗaɗawa. Afirka ce inda ake sa ran sababbin gidaje za su samu wutar lantarki da talabijin a shekaru masu zuwa.

Mene ne haƙƙin haska wasa, kuma yaya ake sayar da shi?

Mai gasa, kamar hukumar Firimiyar Ingila ko UEFA ko CAF, shi ke da ikon hoton wasanninsa. Yana yanka duniya yanki-yanki, ya sayar wa kowane yanki izinin nunawa na wasu shekaru, galibi uku ko huɗu. A kudu da Sahara akan ƙara rabawa ta harshe, shi ya sa SuperSport ke riƙe da Firimiya da Ingilishi, Canal+ kuma da Faransanci. Akan ware izinin tashoshin biya daban, na tashoshin kyauta daban.

Sayarwar gwanjo ce, amma ba irin ta bainar jama'a ba. Kowane kamfani na miƙa tayinsa a rufe, bai san abin da abokin hamayyarsa ya rubuta ba. Tsoron kada a sha gabansa shi ke sa ya zuba fiye da abin da hankali zai ɗauka. Bayan nan sai ya kawo takardar lamuni daga banki cewa zai iya biya, kuma a wannan gaɓar ce ƙananan kamfanoni ke faɗuwa, kamar yadda za a gani a amsar da ta shafi HiTV. Mafi muhimmanci, abin da ake saya ba wasan kaɗai ba ne. Ana sayen hana kowa nuna shi ne. Da a ce tashoshi biyar za su iya haska wasan Arsenal da Chelsea a lokaci guda, da farashin bai kai ko kusa da haka ba.

Me ya sa ƙwallo? Ba ga finafinai da labarai ba?

Fim yana jira. Wanda bai kalla yau ba zai kalla jibi, ko ya karɓa a waya wajen masu turawa. Labarai kuma suna rediyo kyauta. Wasan ƙwallo kuwa minti casa'in ne, da an hura tashi darajarsa ta zube, kuma babu abin da ke maye gurbinsa: ba za ka ce wa mai goyon bayan Madrid ya yi haƙuri ya kalli wata ƙungiya ba. Shi ya sa kamfanonin nan ke sanya manyan wasanni a tsari mai tsada, su ɗaure su da tashoshi ɗari da mutum bai nema ba.

Tarihin Ingila ya nuna haka ƙarara. A 1990 kamfanoni biyu na tauraron ɗan'adam, Sky na Rupert Murdoch da BSB, suna ta tafka asara wajen gasa da juna, sai suka haɗe a watan Nuwamba suka zama BSkyB. Haɗewar ba ita kaɗai ta cece su ba. A 1992 aka kafa gasar Firimiya, BSkyB ya kwashe wasannin kai-tsaye a yarjejeniyar shekara biyar da ta kai fam miliyan 304 idan an haɗa da kason BBC. Daga nan kamfanin ya miƙe. Yarjejeniyar cikin gida da aka ƙulla a Disambar 2023, ta kakar wasa huɗu daga 2025, fam biliyan 6.7 ce.

Idan kamfanoni suna gasa, ba sai farashi ya sauka ba?

A kasuwar shinkafa haka ne, domin buhun wannan ɗan kasuwa na iya maye gurbin na wancan. A haƙƙin ƙwallo gasar tana faruwa ne a wurin gwanjo, ba a ƙofar gidan mai kallo ba. Idan masu taya suka yi yawa, farashin haƙƙi ya tashi, wanda ya ci ya dawo ya tatsa daga masu kallo. Wanda ya amfana shi ne mai sayarwa, wato ƙungiyoyi da 'yan wasa da dillalansu.

Tarayyar Turai ta gwada maganin wannan. Ta tilasta wa Firimiya ta daina sayar wa kamfani ɗaya duka wasannin, aka raba su kashi shida daga kakar 2007, Setanta ta Ireland ta samu biyu. Me ya biyo baya? Mai son ganin duk wasannin ƙungiyarsa sai ya biya wuri biyu. Setanta ta durƙushe a Birtaniya a 2009. Da kamfanin sadarwa na Birtaniya BT ya shigo da ƙarfinsa, gwanjon 2015 ya kai fam biliyan 5.1 na shekara uku, ƙarin kusan kashi 70 cikin ɗari a kan na baya. An kai lokacin da ɗan Ingila ke biyan Sky da BT da Amazon a kaka guda. Wani abin dariya ma, har yau ba a haska wasannin ƙarfe uku na ranar Asabar a can, don kare ƙananan ƙungiyoyi daga rasa 'yan kallo a fili. Mutumin da ke zaune a benci a Fagge yana iya ganin wasan da mazaunin Landan ba zai gani a talabijin ɗinsa ba.

To haɗewa fa, za ta sa kuɗin wata ya ragu?

Babu wani dalili da zai tilasta hakan. Gaskiya ne kamfani mai girma yana da bakin magana a wurin ciniki. Zai iya cewa hukumar gasa, ga Afirka gaba ɗaya da harsuna uku, Ingilishi da Faransanci da harshen Fotugal, nawa za ki bar mini? Zai iya rage kashe kuɗi wajen hayar tauraro da ƙera dikoda da gina manhaja, tunda ɗaya za ta wadatar maimakon biyu. Wannan ragi na gaske ne, kuma shi ne babban abin da aka nuna wa masu jari.

Amma ragin da kamfani ya samu ba ya gangarowa aljihun mai kallo sai in akwai wanda zai ƙwace masa kasuwa. Wanda ya kashe biliyoyin rand wajen saye yana da bashin da zai biya da masu jarin da ke jiran riba. Abin da ya fi yiwuwa a gani shi ne sassauci a ƙofar shiga, wato dikoda mai araha da garaɓasar ƙarin tashoshi, domin kamfanin na buƙatar dawo da mutanen da suka gudu. Wanda ke jiran tsarin da ke ɗauke da Gasar Zakarun Turai ya koma farashin 2022, zai daɗe yana jira. Dalilin yana cikin amsa ta gaba.

Me ya sa DStv ke ƙara kuɗi kusan kowace shekara a Najeriya?

A duba tsarin Premium. A Mayun 2023 ya koma naira 24,500. A Nuwamban shekarar ya zama 29,500, a Mayun 2024 ya kai 37,000, a Maris 2025 kuma 44,500. Compact ya tashi daga 10,500 zuwa 19,000 a wannan tsakani. Ƙari huɗu cikin ƙasa da shekara biyu, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000.

Yanzu a juya lissafin zuwa dala. A Mayun 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, kusan 750 a wajen 'yan canji. Ke nan 24,500 dala 53 ce a hukumance, ko kusan 33 a kasuwar bayan fage. A 2025, da dala ke kewayen naira 1,500, naira 44,500 ba ta wuce dala 30 ba. Mai kallo na biyan kusan ninki biyu, kamfani na karɓar ƙasa da abin da yake karɓa a da, ita kuwa Firimiya ba ta san da zancen naira ba. Duka ɓangarorin biyu suna da gaskiya idan suka yi kuka. Sai dai kada wannan ya wanke kamfanin tas. Shi ya zaɓi ya kulle manyan wasanni a tsare-tsare masu tsada, kuma rashin abokin gogayya na gaske ne ya ba shi damar yin ƙari ba tare da fargabar mutane za su koma wani wuri su ga wasa ɗaya ba.

Gwamnati ba za ta iya hana su ba?

An gwada ta hanyoyi biyu. Ta farko, kan farashi. Hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta umarci kamfanin ya dakatar da ƙarin Maris 2025, ya ƙi, aka tafi kotu. A watan Mayu Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta kori ƙarar da MultiChoice ya shigar, amma a cikin hukuncin ta ce hukumar ba ta da hurumin ƙayyade farashi sai da sahalewar shugaban ƙasa. Farashin ya zauna. A Ghana an fi jan daga: a 2025 ministan sadarwa Sam George ya nemi a rage kashi 30 cikin ɗari, har da barazanar dakatar da lasisi. Aka ƙare da ɗaga masu biya zuwa tsarin da ke sama da nasu ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Ta biyu, kan babakeren haƙƙi. A 2020, zamanin Lai Mohammed yana ministan yaɗa labarai, hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta gyara dokokinta ta haramta mallakar haƙƙi kai kaɗai, ta ce dole wanda ya saya ya sayar wa sauran tashoshi. A 2022 wata Babbar Kotun Tarayya a Legas ta soke gyaran, ta ce hukumar ta wuce gona da iri. Ko da bai sha kaye a kotu ba, da wuya ya yi aiki, domin kwangilar da aka sa wa hannu a Landan ita ke faɗin wanda za a iya sayar wa.

Akwai hanya ta uku da wasu ƙasashe ke bi, kuma a ganina ita ta fi ma'ana: a ware wasu wasanni da doka a ce dukiyar al'umma ce, dole su fito a tashar kyauta. Birtaniya na da irin wannan jerin, ciki har da Kofin Duniya da wasan ƙarshe na Kofin FA, Afirka ta Kudu ma tana da nata. Wannan ba zai ba kowa Firimiya kyauta ba, amma zai iya kare wasannin ƙungiyar ƙasa.

An taɓa samun wanda ya ƙwace Firimiya daga hannun DStv?

An taɓa. A 2007 Firimiya ta ware Najeriya a matsayin yanki mai zaman kansa, wani sabon kamfani na cikin gida, HiTV na Toyin Subair, ya kwashe mafi yawan wasannin na shekara uku. Masu gidajen kallo na wancan lokaci za su tuna yadda aka koma ajiye dikoda biyu a kan teburi ɗaya. A sauran ƙasashen Afirka kuma wani kamfani mai suna GTV ya yi irin wannan juyin mulki.

Dukansu ba su kai labari ba. GTV ya rufe kwatsam a Janairun 2009, ana tsakiyar kaka, lokacin da tattalin arzikin duniya ya rikice aka daina ba da bashi. HiTV ya shiga gwanjon 2010 farashi ya ninninka, ya kasa kawo lamunin banki a kan lokaci, haƙƙin ya koma SuperSport, a 2011 kamfanin ya mutu. Kwesé na attajirin Zimbabwe Strive Masiyiwa ya zo daga baya da kuɗi masu kauri, shi ma ya naɗe tabarmarsa a 2019. Ciwon duka ɗaya ne. Ana biyan kuɗin haƙƙi tun kafin a tara masu kallo, kwangilar shekara uku ce kacal, kafin ka mayar da uwar kuɗi an sake buga gwanjo, tsohon mai kasuwa kuma yana jira da aljihu mai zurfi. Wanda ya ci ribar wannan kokawa ita ce Firimiya, wadda ta gano cewa Afirka za ta iya biyan fiye da yadda ake zato, kuma farashin bai sake komawa inda yake ba.

StarTimes fa? Ai yana nan.

Yana nan, domin bai taɓa sa kansa a kokawar Firimiya gadan-gadan ba. Kamfanin na Chaina ne, ya shigo Najeriya a 2010 da haɗin gwiwar NTA, ya nufi talaka da dikoda mai eriya da kuɗin wata mai sauƙi, har da biyan kwana ko mako. Shigowarsa ce ta sa MultiChoice ya fito da GOtv a 2011. A fagen wasanni yakan ɗauki abin da farashinsa bai yi zafi ba, kamar Bundesliga ta Jamus da ya riƙe daga 2015. Gasa ce ta gaske a ƙasan kasuwa, kuma a nan ne kaɗai mai kallo ya ga amfanin gogayya a aljihunsa.

Me ya faru da Kofin Afirka na Kwaddibuwa, da aka ce SuperSport ba za ta nuna ba?

Wani kamfani na Lome a Togo, New World TV, shi ya girgiza manyan. Ya fara da sayen haƙƙin Kofin Duniya na 2022 na ƙasashen Afirka masu Faransanci, sannan a ƙarshen 2023 CAF ta ba shi haƙƙin gasanninta a yawancin ƙasashen kudu da Sahara. A farkon Janairun 2024 SuperSport ta sanar cewa ba za ta haska gasar ba. Aka yi ta ce-ce-ku-ce, sai ana saura kwanaki kaɗan a take wasan farko ranar 13 ga wata aka daidaita, ta saya daga hannun New World. Gasar ce Najeriya ta kai wasan ƙarshe ta sha kashi a hannun masu masaukin baƙi da ci 2 da 1. Darasin da manyan kamfanonin suka ɗauka shi ne ƙaramin mai taya ma zai iya yi musu shigar sauri idan suna rarrabe, kuma wannan na cikin abin da haɗewar ke magancewa.

Wane irin mai saye ne Canal+? Zai iya sakin wata gasa idan ta yi tsada?

Zai iya, ya kuma taɓa yi a gidansa. Tun 1984 yake haska gasar Faransa. A gwanjon 2018 kamfanin Mediapro na Sifaniya ya zuba sama da yuro miliyan 800 a shekara ya kwashe mafi yawan wasannin, Canal+ ya fita hannu rabbana, yana cewa farashin ba mai ɗorewa ba ne. Watanni kaɗan da fara kakar 2020 Mediapro ya daina biya, yarjejeniyar ta wargaje. Hukumar gasar ta sayar wa Amazon waɗannan wasanni a kan kusan yuro miliyan 250, alhali Canal+ na biyan miliyan 332 kan wasa biyu kacal a mako da ya karɓa ta hannun tashar beIN ta Qatar. Ya fusata, ya juya wa gasar baya. Kamfanin haska wasanni ta intanet DAZN ya zo a 2024 ya fice bayan kaka ɗaya, a 2025 hukumar ta koma buɗe tasharta da kanta, ƙungiyoyin Faransa kuma suka shiga matsin kuɗi.

Canal+ ya mayar da kuɗinsa kan gasannin UEFA da Firimiya da tseren motoci da zari-ruga. Halin da ya nuna ke nan: yana riƙe abin da ke hana mutane yanke biya, yana sakin abin da yake ganin an yi masa tsada. A Afirka Firimiya da Gasar Zakarun Turai su ne ginshiƙi, babu mai hankalin da zai sake su da gangan. Ƙananan gasanni ne ya kamata masoyansu su sa ido a kai duk lokacin da kwangila ta ƙare.

Ina zaune a Nijar, ina da Canal+. Yanzu zan iya ganin SuperSport a dikodata?

Mallakar kamfani ɗaya ba ta goge iyakar kwangila. Kamar yadda aka yi bayani a amsar sayar da haƙƙi, kowace yarjejeniya na da ƙasashenta da harshenta, kuma waɗanda aka sa wa hannu kafin cinikin suna nan har wa'adinsu ya cika. Kamfanin na iya musayar tashoshi tsakanin ɓangarorinsa biyu inda haƙƙin ya ba da dama, amma shawararsa ce, ba abin da ke faruwa da kansa ba. Dikodojin ma tsarin kullensu daban ne. Haka mazaunin Sudan yake cikin wani yanki dabam gaba ɗaya, na Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka, inda beIN ta Qatar ke riƙe da manyan gasanni. Shi ya sa wanda ya ɗauko risibar beIN ya kafa babban faranti a Kano yake kallon abin da ba a sayar wa yankinsa ba, ko da kuwa ya biya kuɗin katin.

Ni mai gidan kallo ne. Me ya canza a wajena?

A takarda, babu. Doka tun da can ta bambanta biyan gida da na kasuwanci, kuma mai tara jama'a ya karɓi kuɗin shiga yana ƙarƙashin na kasuwanci, wanda ya fi tsada. Abin lura shi ne sabon mai kamfani da ke neman mayar da kuɗinsa yakan fi tsananta bin wannan doka da farautar masu satar sigina.

Matsalar gidan kallo ta fi ta kuɗin wata faɗi. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, janareta ke cinye ribar wasan dare. A ranar Gasar Zakarun Turai ana son talabijin uku ko huɗu kowace da wasanta, ke nan dikoda fiye da ɗaya. Kuɗin shiga kuwa ba ya ƙaruwa yadda ake so, domin yaron da za a ƙara wa naira ɗari yana da waya a aljihu. Duk da haka gidan kallo na sayar da abin da waya ba ta da shi, wato musu da ihu da tsokanar wanda aka ci, kuma wannan ne ya sa manyan wasanni ke cika benci har yanzu.

Me ya sa ba za a bar ni in biya wasan da nake so kawai ba?

'Yan majalisa sun sha neman haka, kamfanin ya sha ƙi. Dalilin fasaha da ake kawowa shi ne tauraro na watso sigina ne ta hanya ɗaya, bai san lokacin da ka kunna ko ka kashe ba. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce duka ba, tunda ana iya buɗe kati na kwana ɗaya kamar yadda StarTimes ke yi. Ainihin dalilin na lissafi ne. An sayi kaka gaba ɗaya, wasa 380, da kuɗi tsayayye. Idan kowa zai biya manyan wasanni goma kawai ya tafi, dole kuɗin kowane ɗaya ya yi tsadar da za a gwammace na wata. Tsarin wata yana sa mai kallon finafinai ya tallafa wa mai kallon ƙwallo, watannin da babu gasa kuma su tallafa wa masu gasa. Mafi kusa da abin da jama'a ke nema da aka taɓa gani shi ne tsarin Firimiya zalla a waya da Showmax ta fito da shi a 2024 a farashi mai rahusa, kuma tsoron masu kallon sata ne ya haifar da shi, ba umarnin majalisa ba.

Su wa za su iya ƙalubalantar wannan sabon kamfani?

Da wuya a sake ganin wani HiTV, mai faranti da dikoda, ya taso daga cikin gida. Barazanar tana zuwa ta intanet. Akwai masu kuɗin da suka fi Canal+ nesa ba kusa ba, irin su Amazon da Apple da Netflix da YouTube, waɗanda duk sun fara sayen wasanni a wasu ƙasashe. Abin da ke tsare su daga Afirka shi ne tsadar data da raunin sabis da wahalar karɓar kuɗi daga mutanen da ba su da katin banki na dala. Akwai kamfanonin waya kamar MTN da Airtel, waɗanda suka riga suka mallaki hanyar da hoton zai bi da hanyar karɓar kuɗin. Akwai kuma su kansu masu gasar, da ke iya sayarwa kai-tsaye ga mai kallo kamar yadda Faransa ta koma yi ala tilas.

Sai babban abokin hamayyar da ba ya zuwa gwanjo: shafukan sata da akwatunan intanet da ake sayarwa a kasuwa. Ba ƙaramin abu ba ne. Tsakanin 2017 da 2019, lokacin rikicin Qatar da maƙwabtanta, wata tashar sata mai suna beoutQ ta riƙa kwafe tashoshin beIN ɗungurungum tana watsawa ta tauraro, har maganar ta kai gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya. Mai amfani da irin waɗannan hanyoyi ya san halinsu, hoto ya tsaya daidai lokacin bugun fenareti, maƙwabci ya riga shi ihu da minti guda, ga haɗarin manhajojin da ke kwashe bayanan waya, ga shi kuma ya saɓa doka. Amma yawansu ne a yau ke iyakance yadda kamfani zai iya tsawwala farashi, fiye da duk wata hukuma da aka ambata a sama.

Ina gasar cikin gida a duk wannan lissafi?

A gefe. SuperSport ta haska gasar Najeriya shekaru da dama kafin ta janye a 2017, aka yi shekaru ana fama da rashin tsayayyen mai nunawa, sai a 2023 aka sa hannu da StarTimes. Bambancin da ke tsakanin nan da Turai shi ne, mai sayen Firimiya ana miƙo masa hoto ne a shirye, shi kuwa mai haska wasan Kano Pillars a filin Sani Abacha sai ya kai motar watsa shiri da kyamarori da ma'aikata da janareta da kansa, sannan ya yi addu'a kada a ɗage wasan. Kuɗin ɗauka kan fi abin da talla za ta kawo.

Sharuɗɗan da kotun Afirka ta Kudu ta gindaya kafin ta amince da cinikin, kamar hana korar ma'aikata na shekara uku da ci gaba da zuba kuɗi a shirye-shirye da wasannin cikin gida, na ƙasarta ne. Dokar can ma ta hana baƙo riƙe fiye da kashi 20 cikin ɗari na ƙuri'a a kamfanin da ke da lasisin watsa shiri, shi ya sa aka ware lasisin Afirka ta Kudu a wani kamfani dabam da 'yan ƙasar ke da rinjaye a ciki. Waɗannan sharuɗɗa ba su shafi gasar Najeriya ko ta Nijar ko ta Ghana ba. Abin da kamfanin zai kashe a kansu zai dogara ne kan yarjejeniyar da hukumomin ƙwallon ƙasashen suka iya ƙullawa da shi, da kuma ko za su iya tsayar da jadawalin da mai kyamara zai dogara da shi.